Gargaɗi ga Manoman Bakin Jakara, Getsi, Salanta da Challawa: Ku Duba Saiwa Kafin Ku Ƙara Taki

Wannan kira ne ga duk mai lambu da ke jan ruwa daga Jakara ko Getsi, ko Salanta, ko kogin Challawa daga inda magudanan masana'antu suka faɗa masa. Kira ne kuma ga malaman gona da masu kamfanoni da hukumomin muhalli, har da mai ɗaukar kwando ya nufi Yankaba cefane. Da damina ta wuce, akan fara gyaran fangali, injinan ban ruwa su koma bakin rafi. Kafin ka biya kuɗin wani buhun yuriya, Malam, ka shiga lambunka ka zaɓi shuka guda daga cikin waɗanda suka ƙi girma, ka tono ta a hankali da ƙasarta, ka wanke saiwar da ruwa mai tsabta ka dube ta da kyau.

Lafiyayyar saiwa fara ce, doguwa, mai rassa sirara da gashi laushi kusa da bakinta. Idan ka tarar da ita gajeruwa, ta yi kauri, bakinta ya dakushe ya koma ruwan ƙasa, rassanta 'yan guntaye masu saurin karyewa, kuma duk ta taru a sama ta ƙi nutsawa, to ciwon shukarka ba yunwar taki ba ce. Ƙasar ce ta lalace, kuma yuriyar da kake shirin ƙarawa tana iya zama cikin abin da ya lalata ta. Manomi yakan ga ganye ya yi rawaya, shuka tana yaushi da tsakar rana alhali an yi ban ruwa da safe, sai ya ce taki ya yi kaɗan. Ya ƙara, ta ɗan farfaɗo na mako guda, ta sake komawa. Kuɗi na tafiya, ƙasa na ƙara mutuwa.

Abin da ke tsaron saiwa a cikin ƙasa shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai da tokar itace da farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina da Ashaka. Jikin shuka ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace da bangonta, kuma kalsiyam ne ke haɗa bangon wannan da na waccan, kamar yadda kwaɓin siminti ke riƙe bulo da bulo. Shi ne kuma ke ƙarfafa fatar ƙwayar yadda za ta bar abinci ya shiga ta hana guba. A bakin saiwa, inda sababbin ƙwayoyi ke haihuwa dare da rana, buƙatarsa ba ta yankewa.

Ga inda matsalar take. Wasu sinadaran, irin su naitirojin da fotash, shuka tana iya kwaso su daga tsohon ganye ta kai wa sabon tsiro idan ta ƙuntata. Kalsiyam ba haka yake ba. Yana bin ruwa daga saiwa zuwa sama, inda ya sauka nan ya zauna, kusan ba ya dawowa ƙasa. Saboda haka bakin saiwa ba ya samun tallafi daga ganye. Dole ya tarar da kalsiyam a daidai wurin da yake ratsawa. Ko da saman fangalinka yana da shi, idan taƙi biyu a ƙasa babu, saiwa tana isa nan za ta tsaya. Shukar da saiwarta ta tsaya a sama ba ta kai wa ga damshin ƙasa, shi ya sa rana kaɗan ke kayar da ita.

Tsamin ƙasa shi ne babban ɓarawon kalsiyam. Masana suna auna shi da ma'aunin pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka. Tsakanin 6 da 5 tsamin ya ninka sau 10, tsakanin 6 da 4 sau 100. Yawancin kayan lambunmu, musamman albasa da latas da kabeji, sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Da ƙasa ta sauko ƙasa da 5.5, sai wani abu ya farka wanda da yake kwance lafiya: alminiyam. Yana cikin kowace ƙasa da yawa, a ɗaure cikin laka, ba ya cutar da kowa. Tsami ne ke narkar da shi. Da ya narke sai ya nufi bakin saiwa, ya ture kalsiyam daga bangon ƙwayoyi ya zauna a gurbinsa, bangon ya sandare, ƙwayar ta kasa miƙewa. A ɗakin gwaji an ga saiwa ta daina tsawo cikin 'yan sa'o'i da haɗuwa da shi. Bai tsaya nan ba, yana kuma ɗaure fosfarus ɗin da ka saya da tsada a cikin takin kamfa, ya hana shuka cinsa. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa, 'yan ƙulle-ƙullen saiwarsu da ke samar musu naitirojin daga iska suna raguwa. An ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na doron ƙasar duniya da ƙanƙara ba ta rufe ba mai tsami ne, don haka ba sabon ciwo ba ne, kuma an san maganinsa.

Wani zai ce ai ƙasar Kano ba irin ta Kudu ba ce da ruwan sama ya wanke ta, ina ruwanmu da tsami? Gaskiya ne ba a haife ta da tsami mai tsanani ba. Amma ƙasa ce mai rairayi, lakarta kaɗan, ruɓaɓɓen ganyenta kaɗan, ba ta da ajiyar da za ta jure duka. Abin da ƙasa mai nauyi za ta shanye shekaru ba ta nuna ba, jigawa cikin ɗan lokaci za ta nuna. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, an kafa wani filin gwaji tun 1950 ana gwada takin shanu da takin zamani shekara da shekaru a fuloti ɗaya. Abin da ya fito fili shi ne inda aka dinga zuba takin naitirojin shi kaɗai ba takin gargajiya, ƙasar ta yi tsami, kalsiyam ya ragu, amfani ya faɗi. Inda aka haɗa da takin shanu ƙasar ta riƙe ƙarfinta. A lissafin masana, kowane kilo na naitirojin da ya fito daga yuriya yana barin tsamin da sai kimanin kilo 1.8 na garin farin dutse zai kashe. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, ke nan kowane buhu yana barin bashin kusan kilo 40 na farin dutse a kan ƙasa. Takin amoniyam salfet ya fi haka muni, kusan ninki uku a kowane kilon naitirojin. Yanzu ka tuna mai lambun bakin Jakara ba sau ɗaya yake noma a shekara ba. Yana cire latas ya dasa kabeji, ya cire kabeji ya watsa alayyafo, kowane zagaye da takinsa, kowane zagaye kuma ana kwashe kalsiyam a cikin ganye a kai kasuwa.

Iyayenmu ba su san sunan kalsiyam ba, amma suna biyan wannan bashin. Jakunan da ke fita daga birni da mangalar shara da toka zuwa gonakin karkarar Kano, kashin awaki da tumaki da ake tarawa a turke a kai gona kafin shuka, duk mayar wa ƙasa abin da aka cire ake yi. Ƙurar hunturu ma da muke ƙorafi a kanta tana sauke kalsiyam a gonaki kyauta kowace shekara. Da wannan ne kewayen Kano ya ciyar da ɗimbin jama'a ana noma gona ɗaya ba hutu, abin da ya ja hankalin masu bincike irin su Michael Mortimore. Sai dai ƙura da ɗan taki sun ishi noman gero da dawa sau ɗaya a shekara. Ba za su ishi lambun da ake tatsa rani da damina ba.

Sai kuma ruwan. Bompai, wadda ta fi sauran unguwannin masana'antu daɗewa, dagwalonta yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso ƙazantar birni, su gangara zuwa madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa Challawa. Rukunin masana'antun Challawa da ke Kumbotso shi ma kogin yake fuskanta, kuma a can ƙasa ne matatar ruwan Tamburawa take. Da damina ruwan sama yana sirka wannan dagwalo. Da rani kuwa, lokacin da lambu ya fi buƙatar ruwa, abin da ke gudana a ƙananan rafukan nan mafi yawansa ruwan kwata ne da na kamfani. Manoma sun san launinsa yana sauyawa: yau baƙi, gobe shuɗi, jibi ja da kumfa.

Wannan sauyin launi yana da ma'ana, domin ruwan ba iri ɗaya ba ne. Ɗauki kamfanin jima. Fata tana zuwa a cikin gishiri, a wanke gishirin ya bi ruwa. Sai a jiƙa ta cikin farar ƙasa da sodiyam salfaid don gashi ya tuje, wannan ruwan kaifinsa na kanwa ne, yana kai wa 12 a ma'auni. Daga baya a tsoma ta cikin gishiri da asid irin na ruwan batir, wannan kuma tsaminsa yana sauka wajen 3. Sannan a jeme ta da kuromiyam, wanda shi ke ba ta launin shuɗi-shuɗin nan, ba da bagaruwa ba kamar yadda majeman gargajiya ke yi. Masaƙu da marinan zamani suna sakin soda da gishiri da rini. Duk kamfanin da bai tace ruwansa ba, abin da ya saki a wannan sa'ar shi injin manomi zai zuƙa. Idan sa'ar asid ce, ta wanke kalsiyam daga fangali. Idan ta gishiri ce, sodiyam ya ture kalsiyam daga jikin laka ya hau gurbinsa. Ƙasar da sodiyam ya mamaye takan cuɗe ta toshe, ruwa ya kwanta a kanta ya ƙi shiga, idan ta bushe ta yi tauri da farin busa-busa a sama. Saiwa a irin wannan ƙasa ba ta samun iska, ba ta samun kalsiyam, kuma ruwa yana gabanta ta kasa sha saboda gishiri.

A nan nake so kowa ya natsu, domin kuskure a wannan gaɓa yana kashe gona. Ciwo biyu ne masu kama da juna a ganye, maganinsu daban. Lambuna da yawa da suka daɗe suna shan ruwan kwata da na jima ba tsami ke damunsu ba, gishiri da kanwa ne. Wasu kuma, musamman na kan tudu masu rairayi da suka sha yuriya shekaru, tsami ne. Ƙasa mai tsami tana son garin farin dutse, wanda zai kashe tsamin, ya mayar da alminiyam ɗaure, ya ba da kalsiyam. Ƙasa mai kanwa idan ka zuba mata shi ba abin da ka yi sai ɓarnar kuɗi, domin ba zai narke ba, wani lokaci ma ya ƙara hana shuka samun zinki da ƙarfe. Ita jibsam take so, irin wanda ake haƙowa a yankin Fika da Nafaɗa da wasu sassan Sakkwato. Kalsiyam ɗin jibsam yana korar sodiyam ba tare da ya ɗaga ma'auni ba, amma da sharaɗin a bi shi da ruwa mai kyau da magudanar da za ta fitar da gishirin. Idan da ruwan da ya kawo ciwon za a ci gaba da ban ruwa, an yi aikin banza. Babu mai iya bambance waɗannan biyu da ido a kowane lokaci. Awo ne kawai ke rabawa.

Akwai abin da na fi tsoro. Duk wanda ya ji cewa farar ƙasa tana gyara gona, kuma ya ga tulin farin taɓo da tarkacen fata da aka jibge a bayan masana'anta ko gefen hanya ba mai kuɗi, zuciyarsa za ta ce ga taki ya faɗo. Don Allah kada a ɗiba. Haƙiƙa akwai kalsiyam a ciki, akwai naitirojin, ganye ma yana iya yin kore shar a zagayen farko. Amma tare da su akwai gishiri da salfaid da kuromiyam, kuma ƙarfe idan ya shiga gona ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, yana nan har jikoki. Kuromiyam ɗin jima a yanayinsa na farko cutarsa da sauƙi, sai dai ƙona shi, ko wasu yanayin ƙasa, kan juya shi zuwa nau'in da likitocin duniya suka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Don haka tokar da aka samu daga ƙona guntayen fatar kamfani guba ce, haka tokar taya da ta leda. Sharar bola ta yau ma ba irin ta zamanin jakuna ba ce: akwai matattun batura da fasassun kayan lantarki a ciki. Tokar itace da ta kara zalla ita ce ta gona.

Maganar ba ta tsaya kan aljihun manomi ba, ta shigo tukunyar kowa. Tsamin da ke narkar da alminiyam shi ne kuma ke sakin kadmiyam da dalma da nikel da suka taru a ƙasa, saiwa ta zuƙe su. Idan kalsiyam ya wadata yana gogayya da kadmiyam a ƙofar shiga saiwa, idan ya yi ƙaranci ƙofa ta zama tasa. Kayan ganye irin su latas da alayyafo sun fi tara shi. Binciken da malaman jami'o'inmu suka sha yi a kan waɗannan rafuka ya samu irin waɗannan ƙarafa a ruwa da ƙasa da ganye. Uwargida, wanke ganye da ruwa mai tsabta wajibi ne, yana cire datti ya rage ƙwayoyin cuta, amma ƙarfen da ya shiga cikin ganyen wanki ba ya fitar da shi, dafuwa ma haka. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda shekaru kafin ya nuna kansa. A Japan, mutanen bakin kogin Jinzu sun ci shinkafar da aka shayar da ruwan da ke fitowa daga wurin haƙar ma'adinai har ƙodarsu da ƙasusuwansu suka lalace, sai a 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne. Dalma kuwa ba sai an ba mu labari daga waje ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Gyara tsamin ƙasa yana rage abin da shuka ke zuƙa, amma ba ya cire ƙarfen. Fangalin da awo ya nuna ya cika da shi, a daina shuka ganyen ci a kansa.

Wanda awo ya tabbatar masa tsami ne, ya nemi garin farin dutse mai laushi. Gwajinsa da sauƙi: ɗiga ruwan lemon tsami a kai, na gaskiya zai yi kumfa, jibsam ba ya yi. A watsa shi a kafce ya gauraya da ƙasa makonni kafin dashe, domin idan aka bar shi a sama tafiyarsa ƙasa a hankali take ƙwarai. Yawansa malamin da ya yi awo ne zai faɗa, kuma jigawa kaɗan ke isarta, wuce gona da iri yana jawo wani ciwon. Kada a cakuɗa yuriya da toka ko farar ƙasar shafe bango, naitirojin ɗin zai tashi iska. Idan tsamin ya nutsa can ƙasa, jibsam ne ke iya bin ruwa ya kai kalsiyam inda garma ba ta kaiwa. Da farin dutse da jibsam, haɗe da fosfarus da iri mai juriya, Barazil ta mayar da dajin Serrado mai tsami babbar gonar masara da waken suya bayan kafa hukumar bincikenta Embrapa a 1973. Takin sufa shi ma yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, abin da yuriya ba ta da shi ko kaɗan. Yuriyar kuma a raba ta kashi-kashi daidai buƙatar shuka, a haɗa da takin dabbobi.

Masu tumatir da tattasai su lura da baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗa ya ruɓe. Ba tsutsa ba ce, feshin magani ba ya warkar da shi. Kalsiyam ne bai isa ɗan ba, sau da yawa saboda ban ruwa na yau akwai gobe babu, ko gishiri, ko yawan yuriya. Ƙonewar gefen ganyen cikin latas da kabeji ma danginsa ce. Gyaɗa kuwa da kanta take tsotsar kalsiyam daga ƙasar da kwanson ke kwance, idan babu sai a tono holoƙo.

Ku masu masana'antu, ba wanda ke fatan a rufe ƙofar da dubban mutane ke ci daga gare ta, Kano da fata tare aka san su tun kafin zuwan Turawa. Amma raba ruwan kuromiyam da sauran ruwa, da dawo da kuromiyam ɗin a sake aiki da shi, da daidaita asid kafin a saki, duk sanannun dabaru ne da ake yi a wasu ƙasashe. Sakin ruwa ɗanye da dare don kada a gani cin amanar maƙwabci ne, kuma ma'aikatanku daga wannan latas ɗin suke ci. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da Ma'aikatar Muhalli ta jiha suna da hurumin auna abin da ke fita daga bakin kowane bututu. A auna, rani da damina, dare da rana, a faɗa wa manoma sakamakon da Hausa a rediyo. Korar manomi daga bakin rafi ba tare da an ba shi wani ruwan ba zalunci ne, domin ba shi ya ɓata ruwan ba. Abin da yake buƙata rijiyar da aka gwada ruwanta, da malamin gona na hukumar KNARDA mai na'urar awo a hannu.

Ƙungiyoyin manoma kada su jira. Ku haɗa kuɗi ku kai ƙasarku awo sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero ko Samaru. A kowane lambu a ɗebi ƙasa daga wurare da dama, ta sama zuwa zurfin santimita 20 a gauraya a leda ɗaya, ta ƙasanta zuwa santimita 40 a wata ledar daban, kada a haɗa ta wurin da ke da lafiya da ta wurin da ke ciwo. A shanya a inuwa, a rubuta sunan wuri da ruwan da ake sha da takin da aka saba zubawa. A cika kwalba mai tsabta da ruwan ban ruwan a tafi da ita. Ku nemi a auna muku pH da kalsiyam da sodiyam da gishiri, idan kuna ƙasan magudanar kamfani a ƙara da kuromiyam da kadmiyam da dalma, kuma a yi wannan kafin dashen farko na bana.